Wankin Ƴar Masar

Damagaram, Birni
20 ga Janairu, 1961

Zuwa ga ƙanena Yakuba,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, kai da Kadi da jinjira. Allah Ya raya mana takwarar Inna, Ya sa ta ɗauko halin mai sunan, ba taurin kan ubanta ba. Malam Isaka na ƙofar gidan waya ke rubuta mini, na kuwa ce masa duk abin da ya fito daga bakina ya sa a takarda, kada ya gyara mini ko kalma.

To, ba gaisuwa kaɗai ta kawo ni ba. Ina Ƴar Masar? Inna da hannunta ta naɗe ta cikin tsohon zanenta, ta damƙa wa Baba Alu direba, don a ɗiga wa ɗiyarka ruwan Zamzam ranar suna kamar yadda aka ɗiga mana. An yi suna an watse. Baba Alu ya je Yamai ya dawo, ya sake zuwa ya dawo, kullum sai ya sauko mana da gaisuwa. Mu ba gaisuwa muka ba ka aro ba.

Na san tun da ka shiga lekwal, makarantar Nasara, kake yi wa kwalbar nan kallon tarkace, don haka bari in tuna maka. Kakanmu ya saye ta a Masar a hanyarsa ta Hajji, ya cika ta a Makka, ya goyo ta har gida. Tun daga nan duk alhajin da ya dawo a unguwarmu sai ya ƙara mata ɗan ruwa, shi ya sa ba ta taɓa ƙafewa ba. Koriya ce, wuyanta a karkace yake da shuɗin zaren gilashi a kewaye, jikinta duk ƙwayoyin iska, zanen zinariyar kuma hayaƙin turare ya rufe shi. Haka muka tashi muka gan ta, haka muke son abarmu. Inna ba ta gani sosai yanzu, amma da an miƙa mata ita sai ta sa babban yatsa a cibiyar nan ta gindi, inda maƙerin ya ɓalle sandarsa, ta ce ita ce.

Ɗiyata Balkisa ta yi nauyi, ana sa ran bayan ƙaramar salla. Jikana na fari ke nan, kuma ba za a yi masa suna babu Ƴar Masar ba. Ka ba Baba Alu ita a wannan sawun.

Inna na sa muku albarka. Ka gaishe da Kadi da iyayenta.

Yayarka,
Hadizatu

*

Yamai, unguwar Kalle
2 ga Fabrairu, 1961

Zuwa ga Yaya Dije mai daraja,

Gaisuwa da girmamawa. Na karɓi takardarki, na kuma yi farin ciki da jin lafiyar Inna da ta Balkisa. Ki gafarce ni da jinkirin amsa. Tun da Turawa suka fara miƙa mana kujerunsu aiki ya yi mana yawa a buro, wato ofis, wani lokaci ko abincin rana ba na samun ci.

Game da batun kwalba, ina nan ina duba hanyar da ta dace. Kin san yadda hanya ta lalace tsakanin Dogon Dutsi da Ƙonni, kamyo, babbar motar nan, sai tsalle yake yi da kaya. A ganina ba hikima ba ce a ɗora wa tsohon gilashi irin wannan wahala a yanzu.

Kafin nan, ga wata na aiko a hannun Baba Alu, cikin akwatin katako da ciyawa. Faransawa na ce mata karaf. A babban kanti na unguwar Filato na saye ta, irinta ce ake zuba ruwa a teburin ministoci. Ki ɗaga ta a rana ki gani. Babu ƙwayar iska ko ɗaya a jikinta, kuma adon da ke kanta ba fenti ba ne, da dutse mai juyawa ake yanka shi a cikin gilashin kansa. In kika ƙyasta ta da farce za ki ji tana kuka kamar ƙararrawa. Ƙasa ta samu ƴanci, Yaya, ya kamata gidanmu ma ya shiga sahun zamani. Ana iya yi wa ɗan Balkisa suna da ita, babu wanda zai raina.

Kadi na samun ƙarfi, jinjira na shan nono. Ki miƙa gaisuwata ga Inna.

Ƙanenki mai biyayya,
Yakuba

*

Damagaram, Birni
11 ga Fabrairu, 1961

Yakuba,

Muna lafiya, ina fata kuna lafiya. Gaisuwar ke nan, don raina a ɓace yake.

Ƙararrawarka ta iso. Mun ƙyasta ta, ta yi kuka, maƙwabta sun shigo sun yaba. Na miƙa wa Inna, ta shafa gindin ta ji shi sumul, ta miƙo mini abata. Yanzu tana kan kantar ɗaki, Balkisa na ajiye allura da zare a ciki.

Hanyar Ƙonni da ta lalace, ta sama sabuwar ta biyo? Ƴar Masar ta keta hamada a bayan raƙumi ba ta fashe ba, sai kamyon Baba Alu ne zai gagare ta? Kai da nake wanke wa majina kake yi mini kame-kame irin na buro.

Na tsare Baba Alu jiya, na hana shi tashi sai da ya yi magana. Ya ce shi ranar suna bai ga kwalba da idonsa ba. Ya ce da cokalin shayi aka ba jinjira ruwan, a cikin ɗaki, a gurguje, kai kuma kana waje cikin kwat kana raba wa manyan baƙi limonati. Da cokalin shayi, Yakuba!

Malam Isaka ya ce in sassauta, na ce ya rubuta. Tun farko na faɗa wa Inna, yarinyar da ta tashi a bakin kogin Yamai ba ta san abin da kwalbar nan take a wurinmu ba, a idonta kwalba kwalba ce. In Kadi ce ta yi mata wani abu kake rufa mata asiri, ka faɗa mini. In kuwa haka ne, kada ka kawo ta gidan nan da salla, don ban san abin da bakina zai faɗa ba.

Ina jiran gaskiya, ba akwati ba.

Hadizatu

*

Yamai, Kalle
21 ga Fabrairu, 1961

Zuwa ga Yaya,

Fofo, Yaya. Barka da shan ruwa. Ina gaida Inna da ladabi, ina gaida Balkisa, Allah Ya sauke ta lafiya. Ni ce Kadi. Ki yi haƙuri da Hausata, a kasuwa na koye ta, rubutu kuma a lekwal.

Maigida ya bar takardarki a kan tebur, na karanta. Kwana biyu ba ya cin abin kirki ko da an sha ruwa. Na ga gara ni in rubuto.

Ƴar Masar ta fashe, Yaya. Safiyar suna ne, garin wanki. An zuba mata ruwan zafi, gari kuma da sanyi, sai ta tsage daga wuya har gindi ta rabu. Ruwan Zamzam bai zube ba, an juye shi kafin wankin. Mahaifiyata ta sa shi a kwalbar limonati mai tsabta ta toshe, yana cikin akwatina. Gutsattsarin ma na tsince su duka, na naɗe a zanen Inna.

A gidana abin ya faru, amanar a ɗakina aka ajiye ta. Don haka laifina ne. Ki faɗa mini duk abin da za ki faɗa, zan ɗauka. Abu ɗaya nake roƙo, kada fushin ya shafi jinjira, ita ba ta san komai ba.

Ba zan zo da salla ba, kamar yadda kika ce.

Ƙanwarki,
Kadi

*

Damagaram, Birni
1 ga Maris, 1961

Yakuba,

Barka da shan ruwa, in kana iya haɗiye shi.

Na kira Malam Isaka har gida ya karanta takardar Kadi a gaban Inna, don ba ni da bakin da zan faɗa mata. Ni na yi kuka, na yi faɗa, na kira matarka da sunayen da yanzu nake jin nauyinsu. Inna ko motsi ba ta yi ba. Sai da na gaji ta ce a sake karanta mata. Da aka gama sai ta ce, “Dije, ke da kika haihu, ranar sunan Balkisa wa ya bar ki kika fita tsakar gida wanke-wanke?”

Ta ce, “Mai jego da uwarta ke zaune a kanta ko moɗa ba ta ɗauka. Kuma yarinyar nan ba ta ce na zuba ba, cewa ta yi an zuba. Uwarta kuwa baƙuwa ce, ba za ta taɓa kayan surukai ba. Saura wa a gidan?”

Ka ga yadda ka sa na ci mutuncin ɗiyar mutane a banza, har da Malam Isaka a shaida. Wannan kunyar tawa ce, zan san yadda zan yi da ita. Taka kuma tana jiran ka.

Inna ba ta tambayi yadda aka yi ta fashe ba, ta ce gilashi dama ranarsa yake jira. Tambayarta ɗaya ce, ta ce in sa a rubuta ta yadda ta faɗa: kwalbar da tun zamanin kakanku ba wanda ya taɓa wankewa, me ya sa aka wanke ta ran nan?

Ka amsa mata da Hausar da ta koya maka. Balkisa kuma kwanakinta sai matsowa suke, har yanzu ban san da abin da za a ɗiga wa ɗanta ruwa ba.

Hadizatu

*

Yamai
9 ga Maris, 1961

Yaya,

Ina gaishe ki, ina gaida Inna, ko da yake ban san da wace fuska ba.

Ni ne. Ga yadda aka yi.

Na gayyaci shef ɗinmu, shugaban buro, Mushe Amadou, da mutanen buro, har da wani Bature da ke koya mana aiki da matarsa. Na yi aron kujeru, na shimfiɗa farin ƙyalle a tebur, na jera kofunan gilashi sababbi. Da safe na kwance zanen Inna na ɗora Ƴar Masar a tsakiyarsu. Yaya, sai na gan ta da idonsu. Baƙa ƙirin da hayaƙi, wuya a karkace, bakinta toshe da tsumma. Na ji kamar ina jin Mushe Amadou yana tambaya da Faransanci ko maganin gargajiya ne, madam ɗin kuma tana toshe hanci. Babu wanda ya iso tukuna, ni kaɗai na yi wannan hirar a kaina.

Tukunyar wankan jego na tafasa a tsakar gida. Na juye Zamzam a kofi. Kadi ta hango ni daga kan gado ta ce, “Maigida, bar ta yadda Inna ta aiko ta.” Na ce mata ba ta san irin mutanen da za su zo ba. Na ɗebo ruwan da moɗa na tuttula a ciki. Ƙara ɗaya ta yi, ƴar ƙarama, kamar an karya tsinken tsintsiya, sai ga wuyan a hannuna, sauran a ƙasa. Inda ruwan ya wanke na ga zanen zinariyar ya fito, ganye ne da ƴan tsuntsaye. Duk tsawon rayuwata ban san akwai tsuntsaye a jikinta ba.

Baƙi suka zo, suka ci suka sha. Madam ɗin har ta tambaye ni ko muna da wata al'ada ta musamman ranar suna. Na ce mata babu.

Akwai wanda ya fi wannan muni. Takardar da Kadi ta rubuto miki, ni na kai ta gidan waya. Na san abin da ke ciki. Na tsaya a gaban akwatin na daɗe, sannan na jefa.

Amsar Inna ke nan: kunyar kwalbar na ji a gaban baƙi. Ki bar Malam Isaka ya karanta mata haka, kada ya sassauta. Ni ma ba zan zo da salla ba, ba zan iya haɗa ido da ita ba, ko da idon ba ya gani.

Yakuba

*

Yamai, Kalle
21 ga Maris, 1961

Zuwa ga Yaya,

Fofo, barka da salla. Na samu saƙon ban haƙurin da kika ba Baba Alu da baki, da turaren da kika aiko mini. Babu komai, Yaya, ya wuce. Ni ma da ƙanena ne haka zan yi zato.

Ga ƙunshi nan, ki buɗe a hankali. Bari in gaya miki abin da ke ciki don kada ki firgita.

A Gaweye, unguwarmu ta bakin kogi, akwai wani Banufe mutumin Bidda, Ndagi, mai narka kwalabe yana yin awarwaro da duwatsun wuya. Tun ina yarinya nake saye a wurinsa. Na kai masa gutsattsarin na ce ya mayar da ita yadda take. Ya yi dariya ya ce ko kakansa ba zai iya ba. Ya ce wannan hura ta aka yi da bututun ƙarfe, kamar yadda yara ke hura kumfar sabulu, su kuwa a gidansu naɗa gilashi suke yi a jikin sanda, ba su hurawa. Ya ce zobe zai iya, in mun yarda a narka.

Na koma na gaya wa maigida. Ya ce shi zai riƙe zuga-zugin. Ya je da rigar buro, ya tuɓe ta ya rataye a kara, ya zauna a ƙasa da azumi a bakinsa. Masu wanki da ke hawowa daga kogi suka tsaya kallo, wasu sun san shi. Bai ɗaga kai ba.

Murhun na yumɓu ne, kamar ƙaramin suri mai rami a sama. Ndagi bai jefa gilashin a wuta kai tsaye ba, a gefe ya jera su suka ɗumama tukuna. Da ya ga haka maigida ya sunkuyar da kai. Sannan aka liƙa su a bakin sandar ƙarfe, suka yi ja, suka yi laushi kamar danƙo. Ya naɗa a wata sandar, yana juyawa yana buɗa shi da awartaki har ya kai faɗin da ya auna da zare. Na farko ya tsage wajen hucewa. Ya ce tsohon gilashi ne, ba ya son gaggawa. Ya sake narkawa, wannan karon ya binne shi a toka mai zafi sai washegari.

Shi ne zoben da za ki gani a wuyan kwalbar limonatin. Koren ya ƙara duhu, shuɗin zaren da ke wuyanta ya bi cikinsa. Zinariyar ta tafi, Yaya, wuta ta cinye tsuntsayen. Ruwan da ke ciki shi ne na Kaka, ban ƙara ba, ban rage ba sai abin da jinjira ta sha.

Gindin kuwa na hana a narka. Ndagi ya so in bar masa, na ƙi. Ya goge bakinsa a dutse don kada ya yanki hannu. Yana cikin zanen, cibiyar na nan yadda take. Ki ba Inna.

Na san ba ita ba ce. Iyakar abin da muka iya ke nan. Maigida na gaisuwa, ya ce ba shi da abin rubutawa.

Ƙanwarki,
Kadi

*

Damagaram, Birni
7 ga Afrilu, 1961

Zuwa ga Yakuba da Kadi,

Gaisuwa da fatan alheri. Balkisa ta sauka lafiya, namiji. An yi suna jiya. Kwalbar limonati muka ɗora a tsakiyar tabarma da zobenta, a gaban kowa, Inna ta ɗiga masa da yatsanta. Alhaji Tanimu na bayan masallaci ya ƙara mata ruwa. Wata ta tambaya ina Ƴar Masar, Inna ta ce ga ta nan.

Gindin yana ƙarƙashin matashinta. Kadi, ta ce Allah Ya yi miki albarka, ta faɗa har ta sake faɗa.

Yakuba, tunda ka ce ba za ka iya zuwa ba, ita za ta zo. Baba Alu ya kama mata wuri a gaban mota ranar Laraba, tana son ta ɗauki takwararta. Da zanenta na kullum za ta taho, mai warin hayaƙin turare, na yi na yi ta sake wani, ta ƙi. Ta ce in tambaye ka tun da wuri don ta shirya: in ka tara baƙi, za ka zaunar da ita a gabansu yadda take, ko ita ma sai an wanke ta?

Ka tare ta a tasha.

Yayarku,
Hadizatu